Ɗana, Kafin Ka Ciro Su Daga Akwatin Feshi

 Labari ya iso ni cewa akwatin feshin da ka kafa a bayan gidanku na Karu ya fara ba da abin da ake nema. An ce rassan tumatir da na'ana'a da furannin da ka saƙala a murfinsa sun fitar da saiwa fara tas, har kana ɗaukar hotonsu kana tura wa abokanka. Madalla. Sai dai ina so ka ɗan sassauta murnar ka saurare ni, domin fitar da saiwa shi ne mai sauƙin aikin. Inda ake tafka asara shi ne ranar da za ka ciro su ka dasa a dusar kwakwa, da mako biyun da ke biye da ita. A nan mutane suke karaya, sai ka ji suna cewa akwatin ne ba shi da kyau, alhali akwatin ya riga ya sauke nasa nauyin.

Bari in fara da dalili, don wanda ya san dalili ba sai an riƙa bin sa da umarni ba. Saiwar da ta fito a cikin akwatin nan ba ta san ƙasa ba. A rataye take cikin duhu, inji yana fesa mata ruwa dare da rana, iska kuma ta wadace ta ta ko'ina. Ba ta taɓa ratsa wani abu don neman ruwa ba, ba a taɓa ɗora mata nauyi ba. Fatarta laushi gare ta, gashin da ke jikinta kuwa ya fi zaren auduga siranta. Da wannan gashin take sha, shi ne kuma farkon abin da ke mutuwa idan busasshiyar iska ta buge shi na 'yan mintoci. To duk wannan gata ranar dashe yake yankewa lokaci guda. Abin kamar yaye ne: uwa mai hankali ba ta yanke wa yaro nono rana tsaka ta tura masa tuwo, da kunu take farawa, kuma sai ta duba lokacin da yake da lafiya. Dusar kwakwa ita ce kunun. Tana riƙe ruwa sosai, amma ko ta jiƙe sharkaf tana barin iska a tsakaninta, shi ya sa saiwar feshi ta fi saurin sabawa da ita a kan jar ƙasar nan ta Abuja mai damƙewa in ta sha ruwa, mai ƙandarewa in ta bushe.

Kada ka ɗauka wani sabon ilimi ne ya sauko daga sama. Manoman rani na Kadawa da Kura da fadamun Zariya sun daɗe suna dashen tumatir da albasa da tattasai, kuma ƙa'idarsu ba ta sauya ba: a jiƙa wurin irin kafin a tuge shi, a yi dashe da yamma, a bi shi da ruwa nan take, a rage wa albasa ganye don kada ya zuƙe ɗan ruwan da saiwa ke iya kawowa. Duk abin da zan faɗa maka daga wannan tushen yake. Bambancin kawai shi ne naka irin ya fi nasu rauni, don haka dole kulawarka ta fi tasu.

Shi kansa akwatin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta gwada shi a kan doya a farkon shekarun 2010, a ƙarƙashin shirin YIIFSWA na inganta irin doya a Najeriya da Gana. Matsalar da suke son magancewa kowane manomin doya ya san ta, maƙwabtanka Gbagyi na wajen Orozo da Karshi ma za su ba ka labari. Doya da doya ake shuka ta. Manomi yakan ware babban kaso na abin da ya haƙo, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin uku, ya ajiye don iri, sannan cutar bara ta biyo irin zuwa gonar bana. Masu binciken suka nuna cewa yaɗon doya, in aka yanka shi aka rataye a akwatin feshi, yana fitar da saiwa, ya yi sabon yaɗo da za a sake yankawa, har ya ba da 'yan ƙananan doya. Daga gaɓa ɗaya mai ganye ɗaya sai a sami shuka guda. Amma ko su, da dukan kayan aikinsu, yankan yakan bi ta wurin reno ne a inuwa ya yi ƙarfi kafin ya fuskanci rana. Cibiyar tana da tasha a Kubwa. Idan ka sami sarari ka leƙa, gani ya kori ji.

Wani abu kuma tun ban manta ba: ba kowace shuka ke bukatar akwati ba. Rogo, rake, dankali, sandar zogale, bini-da-zugun da ake shinge da shi, duk waɗannan ka soka su a ƙasa mai danshi su kama da kansu, haka kakanninmu suka yi. Wanda ya kunna inji don sandar rogo ɓarnar wuta kawai ya yi. Akwati na rassa masu laushi ne masu daraja: na'ana'a, ɗoɗɗoya, furannin da masu lambun bakin titi ke sayarwa, da tumatir ɗan aure mai tsadar iri. A wannan na ƙarshen ne na fi ganin ribarsa. 'Ya'yan da ka cire daga tumatir ɗan aure ba sa maimaita halin uwarsu, amma reshen da ka yanka daga jikinta ita ce sak. Daga nan sai ka gane cewa cutarta ma tana biyo shi sak, don haka uwa mai lafiya kaɗai ake yanka, da reza mai tsabta.

Yanzu mu zo kan dusar kwakwar, wadda masu sayar da kayan lambu ke ce wa kokopit. A nan zan fi daɗewa, domin a nan ne mafi yawan ɓarnar take ɓoye.

Daga ɓawon kwakwa na waje ake samun ta, bayan an cire dogon zaren da ake igiya da katifa da shi. Mafi yawan wadda ke yawo a kasuwannin duniya daga Indiya da Siri Lanka take fitowa, a matse kamar bulo. Akwai kuma masu sarrafa ta a gida, musamman ta wajen Legas inda Badagry ta yi suna da kwakwa. Bulo mai kilo 5 in ya sha ruwa yakan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, saboda haka kada ka jefa shi a bokiti, ka nemi babban baho ko rabin duro. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne kwakwa itaciyar bakin teku ce. Ɓawonta da gishirinsa yake zuwa, wasu masu sarrafawar kuma a ruwan gishiri suke tsuma shi. Idan gishirin da ke kewaye da saiwa ya fi wanda ke cikinta, maimakon ta sha ruwa sai ya riƙa janye nata. Sai ka ga shuka ta langwaɓe alhali tukunyarta jiƙe take, kai kuma ka ƙara mata ruwa da taki, ka ƙarasa ta.

Don haka wanki ne aikin farko. Ka jiƙa bulon ya warware, ka kwashe cikin buhu ko kwando mai shimfiɗar raga, ka yi ta zuba ruwa yana tsiyayewa. Da fari ruwan zai fito kamar baƙin shayi, ka ci gaba har ya washe. Amma launi ba ya faɗin gishiri. Akwai ɗan ma'auni mai kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishirin da ke ciki, ana ce masa ma'aunin EC, kuma in da kuɗin abu ɗaya kaɗai kake da shi, shi zan ce ka saya. Ka wanke har ruwan da ke fita ya sauko wajen 0.5, ko ya kusa daidai da ruwan da kake zubawa. Ko an rubuta a jikin ledar cewa wankakke ne, ka auna da kanka. Araha ba ta ado, kuma rubutun leda ba ya biyan asara.

Bayan wanki akwai aiki na biyu da mutane ke tsallakewa. Dusar kwakwa tana da wani hali: a jikinta maƙale take da sinadaran sodiyam da fotasiyam, kuma duk lokacin da kalsiyam ko magniziyam suka zo wucewa sai ta cafke su ta saki waɗancan. Ma'ana, takin da ka zuba wa shuka ita dusar ce za ta fara cinye mafi amfaninsa, ta bar wa saiwa abin da ba ta nema ba. Maganin shi ne ka ƙosar da ita tun kafin shuka ta shigo. Ka narkar da takin kalsiyam naitiret, kimanin giram 1 zuwa 2 a kowace lita, ka tsuma wankakkiyar dusar a ciki ta kwana, da safe ka tsiyaye ka ɗauraye sau ɗaya. Masu sayar da kayan noman rumfa suna da shi. Idan za ka ƙara gishirin magniziyam salfet, ka narkar da kowanne daban cikin ruwa mai yawa, don in suka haɗu da kauri daskarewa suke yi su kwanta a ƙasan bokiti, shuka ba ta amfana.

Akwai kuma ma'aunin tsami, wato pH. Dusar kwakwa ta fi yi wa shuka daɗi in ruwan da kake ba ta yana tsakanin 5.8 da 6.2. In ya haura da yawa, takin yana nan a tukunya amma saiwa ba ta iya ɗauka. Ruwan burtsatse ya bambanta daga gida zuwa gida, na 'yan garuwa kuwa ba ka san daga ina aka ɗebo na yau ba, saboda haka ka riƙa aunawa. In ruwan famfo ne, ka bar shi a buɗe ya kwana warin maganin ya fita. Da damina ka tari ruwan sama, babu wanda ya fi shi.

Dusar zalla tana yi, amma na fi son a sirka ta, awo uku na dusa, awo ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. Ɓuntun yana ƙara iska, kuma wuta ta riga ta kashe duk wata cuta da ke jikinsa. Na san mayankar Karu ba nisa, kashin kaji ma ba wuyar samu yake ba, kuma wani zai ce maka ka barbaɗa kaɗan don ƙarfi. Kada ka yi. Ɗanyen taki zafi gare shi, yana ƙona saiwa, yana kuma kawo irin cututtukan da ka gudo daga ƙasa saboda su. Lokacinsa yana zuwa, in shukar ta koma buhu ko gona.

Tukunya kuma ƙarama ake farawa da ita, mai cin kamar kofin shayi ɗaya ko biyu. Babbar tukunya ruwanta yana daɗewa bai ƙare ba, 'yar saiwa ta zauna cikin sanyi da laima har ta ruɓe. Baƙar ledar reno ta fi. Ledar fiyawata ma tana yi in ka huda ƙasanta da kyau, sai dai haske yana ratsa ta ya kawo gansakuka, don haka ka jera su manne da juna ka kare na gefe.

To yaushe ake ciro su? Ido zai so ya bar saiwa ta yi ta tsawo, don kyan gani. Kada ka biye masa. Da zarar ta kai tsawon gaɓa ɗaya ko biyu na yatsa, wato santimita 3 zuwa 5, kuma ta fara fitar da 'yan rassa a gefe, lokaci ya yi. Tumatir da na'ana'a sukan kai haka cikin mako guda zuwa kwana goma, furanni masu taurin reshe sukan ɗauki mako uku ko fiye. In ka bari ta yi tsawo sai ta sarƙe da ta maƙwabciyarta, wajen rabawa a tsinka, wajen dasawa kuma ta nannaɗe a rami. Sannan kowace rana da suka ƙara a akwati kasada ce. Kai ma ka san halin wutarmu. In ta ɗauke inji ya tsaya da tsakar rana a watan Maris, saiwar da ke rataye ba ta da inda za ta sami ko ɗigo. Ko da sola kake aiki, injin da ke nutse a ruwa ɗumama shi yake yi. Saiwa ta fi son ruwa mai zafin digiri 20 zuwa 24, in ya haura 27 iskar da ke cikinsa tana raguwa, ƙwayoyin ruɓa kuma su sami gari. Ka ajiye akwatin a inuwa, ka lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙen buhun algarara, kuma duk wanda ya isa dashe ka fitar da shi.

Ranar dashe ka gama komai kafin ka taɓa murfin akwatin. Dusa ta jiƙu da ruwan taki mara ƙarfi, tukwane sun cika, rumfa ta shirya. Ga yadda za ka gane danshin ya yi daidai: ka damƙi cikin hannu ka matse, in ɗigo biyu ko uku suka fito ya yi, in ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu ya yi yawa. Ka cika tukunya sako-sako, ka ɗan buga gindinta a ƙasa ta zauna, ban da dannawa. Ka jira bayan la'asar rana ta yi sanyi, ka zauna inda iska ba ta kaɗawa, ka kashe fanka in akwai.

Kada ka kwaso su gaba ɗaya ka zube a tire. Uku-uku ko huɗu-huɗu za ka riƙa ɗauka, ka tsoma saiwarsu a kwano mai ruwan akwatin har layi ya zo kansu. Zoben robar da ke riƙe da reshe yana da tsaga, ta nan za ka buɗe shi reshen ya fito ta gefe. Kada ka zaro shi ta rami, gashin saiwa zai tafi da robar. A kara ko a ganye ake riƙewa, ba a saiwa ba. Ka huda rami da yatsa, mai faɗi da zurfin da saiwa za ta sauka a miƙe ba tare da ta lanƙwashe sama ba, ka riƙe shukar a tsaye da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tura dusa a hankali ta kowane gefe. In wata ta yi tsawo fiye da tukunya, gara ka datse bakinta da almakashi mai tsabta da ka cusa ta a dunƙule. Tumatir ka iya nutsa shi ya fi yadda yake a akwati, domin karansa ma saiwa yake fitarwa. Sauran ka tsaya daidai inda saiwa ta fara, ko sama kaɗan.

A nan hannun manomi yake so ya danna gindin shuka da babban yatsa, don haka aka saba a gona. Ka hana shi. Ruwa ne zai yi maka wannan aikin. Ka zuba da buta a hankali kewaye da gindin, dusa za ta kwanta ta rungumi saiwa da kanta, har ka ga ya fara ɗiga ta ƙasa. In shukar tana rangaji ka soka mata tsinke. In ganyenta manya ne ka cire na ƙasa, ko ka raba manyan biyu da almakashi.

Duk wadda ka ga saiwarta ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi ko tana wari, ka jefar. Kada tausayi ya sa ka dasa ta kusa da masu lafiya.

Sai batun ci. Dusar kwakwa ba ƙasa ba ce, babu abinci a cikinta, abin da ka zuba kawai shuka za ta samu. Saboda haka tun ranar farko da taki ake ba da ruwa, amma mai narkewa, kuma mara ƙarfi: rubu'i zuwa rabin abin da aka rubuta wa babbar shuka, wanda a ma'aunin EC zai tsaya wajen 0.8 zuwa 1.0. Takin buhu na ƙwaya, irin 15-15-15 da ake barbaɗa wa masara, ba na wannan wurin ba ne, ƙwaya ɗaya a jikin saiwa ta isa ta ƙona ta. Duk lokacin da ka ba da ruwa ka bari kamar kashi ɗaya cikin goma ya fita ta ƙasa, shi ke wanke gishirin da ke taruwa. Kada kuma ka bar tukunya zaune cikin ruwan da ya fita.

Tambayar da kowa ke yi ita ce sau nawa a rana. Ba ni da lamba da zan ba ka, tukunyar ce za ta gaya maka. Ka ɗaga ta bayan ta sha ruwa hannunka ya san nauyin, ka riƙa ɗagawa safe da yamma. In ta fara sauƙi ka ba ta. A kwanakin farko kada ka bari ta bushe ko kaɗan, domin saiwar ba ta san ƙishi ba. Bayan mako guda sai ka ɗan riƙa jinkirtawa, saiwar ta miƙa ta bi danshi zuwa ƙasa. Amma bushewa ƙayau haramun ce a dusar kwakwa ko da shuka ta girma, don ruwa na tafiya gishirin taki yana tsayawa ya yi kauri.

Yanayin Karu kuma kowane lokaci da irin jarabawarsa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ce abokiyar gaba. Tana zuƙe ganye fiye da yadda sabuwar saiwa za ta iya mayarwa. Ka rufe su da farar leda a kan 'yan sanduna, ko ka kifa wa kowacce gorar roba da aka yanke gindinta aka cire murfin, ka riƙa yayyafa ruwa a ƙasan rumfar. Da bazara, Maris da Afrilu, zafi ne. A lokacin rufin leda tarko ne in rana ta taɓa shi, cikin ɗan lokaci zai dafa su. Inuwa mai iska ake so, ragar inuwa ko zana ko gindin mangwaro. Kuma kada ka jera baƙar leda a kan siminti ko kusa da katangar da ta sha rana, ka ɗora su a kan katako. Gidajen hayan Karu da Nyanya da Jikwoyi yawanci tsakar gidan a dabe take da siminti, zafin da ke tasowa daga ƙasa ya isa ya kashe saiwa ko ganye yana inuwa. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ruwa ne zai yi yawa. Ruwan sama mai ƙarfi yana tone dusa, yana wanke taki, laima kuma tana kawo ruɓewar gindi da 'yan ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da tsutsarsu ke cin saiwa. Ka yi musu rufi a sama ka bar gefe a buɗe. In zaɓi gare ka, farkon damina bayan zafi ya karye da kuma ƙarshenta sun fi sauƙin dashe.

Fitar da su rana sannu a hankali ake yi. Kwana uku ko huɗu na farko inuwa ce zalla, mai haske amma ba rana. Daga nan ka fara ɗaga rufin, yau kaɗan gobe fiye da haka. Sai hantsi na awa ɗaya, sai biyu, har zuwa wajen mako biyu su iya wuni a fili. Sannu ba ta hana zuwa. In ka ga sun yi yaushi da azahar amma da magariba sun miƙe, kada hankalinka ya tashi, sabo suke yi. Wadda ka tarar a langwaɓe da asuba ita ce mai magana. Ka ɗaga tukunyarta: in da sauƙi ƙishi ne, in da nauyi to ko ruwa ya yi yawa ko gishiri, kuma ƙarin taki ba maganinta ba ne. Sabon ganye da ke fitowa a murɗe bakinsa a ƙone yakan nuna ƙarancin kalsiyam, alamar dusar ba ta ƙoshi ba tun farko. Tsohon ganye da ya yi rawaya tsakanin jijiyoyinsa, su kuma jijiyoyin suna kore, magniziyam yake nema. Kada kuma ka riƙa jan shuka don ka ga ko ta kama. Sabon toho a kai shi ne shaidar.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar yanka, ranar dashe, abin da ma'auni ya nuna, da nawa suka rayu. Bayan zagaye kaɗan littafin zai fi ni sanin ruwan gidanku da inuwar rumfarka. Akwatin kuma duk zagaye ka wanke shi da ruwan bilic, har zobban da bakin feshin, ka ɗauraye sosai kafin sabbin rassa su shiga. Dusar da aka yi amfani da ita tana sake aiki in an tsince tsohuwar saiwa an wanke an shanya, sai dai wadda shuka ta ruɓe a ciki, ita kam ba ta dawowa rumfa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ciniki. Shuka mai kwana uku da dashe takan yi kyau a ido, ganye kore shar, kuma mai saye ba zai gane ba. Zai tsaya da motarsa, ko wata baiwar Allah ta zo tana son abin da za ta dasa a buhu a ƙofar ɗakinta don ta rage kuɗin cefane, su biya su tafi, kwana biyu ta mutu a hannunsu su ɗauka su ne ba su iya ba. Kuɗin ya shiga aljihunka, amma abin da ka sayar bai cika ba, kuma kai ka sani. Kada ka fitar da shuka gaban rumfa sai ka ga farar saiwa ta leƙo ta hudar ƙasa, ta yi sabon ganye, ta kuma wuni a rana ba ta langwaɓe ba. In ka miƙa ta ka gaya wa mai saye cewa a dusar kwakwa take, tana son ruwa kullum, kuma da yamma zai dasa ta da dusar tata gaba ɗaya ba tare da ya kakkaɓe ba. Wadda ba ta kai haka ba ka bar ta a rumfa, ko da an ninka maka kuɗinta.

Ka gai da mutanen gida. Allah ya sa albarka a abin da ka dasa.